Jar ƙasa ko yashi: wanne za a zuba a cikon fandisho?

Malam, ka ce an gama jera bulon fandisho, magini yana cewa a kawo jar ƙasa, wani kuma ya ce maka yashi ya fi, kana son sanin wanne za ka saya. To ni dai a ganina kafin ka kira mai tifa, fara tambayar kanka da me za ka daɓe cikon, don kowannensu da irin dukan da yake ji.

Jar ƙasa tukuna, kuma ina nufin burji, mai tsakuwa-tsakuwa a ciki da ɗan yumɓu kaɗan da ke riƙe ta. Wannan in ta samu ruwa daidai aka daɓe ta, tana zama kamar dutse, ko daga baya aka zo haƙa ramin fayif gefen ramin zai tsaya cak ba zai rufta ba. Matsalar ita ce ba kowace ƙasa mai launin ja ba ce burji, wata yumɓu ce zalla, da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke, shi ne za ka ga daɓen ɗaki ya tsage ko tayil yana ƙara kamar ganga in an taka. Gwajin ba wuya. Ka jiƙa kaɗan ka murza a tafin hannu kamar za ka yi igiya, in ta yi tsawo siriri ba ta karye ba, yumɓun ya yi yawa, a mayar da ita. Ko ka zuba a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye, tsakuwa da yashi za su kwanta nan take, yumɓun kuwa zai daɗe yana gurɓata ruwan, washegari ka ga kaurin kowanne da idonka.

Yashi shi ba ruwansa da kumbura, ruwa yana ratsa shi ya wuce, kuma baya jawo laima daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ƙasa mai laushi take yi, shi ya sa a fili mai dausayi na fi karkata gare shi. Amma ba shi da riƙo, bango ne ke tsare shi, ranar da aka samu kafa a jikin fandisho ko aka yi haƙa a gefe, zai dinga zurarewa a hankali ya bar rami ƙarƙashin kankare ba ka sani ba. Kuma yashi mai ɗan danshi yana da yaudara, yakan ƙara auki, ka ɗauka wuri ya cika alhali iska ce a tsakani.

Wajen daɓe nan ne suka rabu sosai. Yashi girgiza yake so, wato injin nan mai faffaɗan faranti da ke karkarwa. Jar ƙasa mai yumɓu kuma duka take so, injin nan mai tsalle da ƙafa ɗaya, ko rola in wurin babba ne. In ka sa farantin kan ƙasa mai yumɓu sama kawai zai yi santsi, ciki yana nan sako-sako.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a juye tifa uku huɗu lokaci guda, a baje, a sa tiyo ruwa ya kwana yana zuba, wai ƙasa za ta zauna da kanta. A yashi tsantsa da ruwan ke da hanyar fita, wannan yana ɗan taimakawa. A jar ƙasa kuwa taɓo kawai ka haɗa, sama ta bushe ciki na nan jagab, bayan shekara ɗaya biyu ta fara nitsewa. Ka'ida ita ce shimfiɗa-shimfiɗa, santimita 15 zuwa 20 a zuba, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wata. In madaɓin hannu ne leburori za su yi amfani da shi, kar ta wuce santimita 10. Ruwan ma da ma'auni, ka dunƙula a hannu, in ta dunƙulu ba ta jiƙa maka tafi ba, kuma da ka sake ta ta faɗi ta fashe gida-gida, to ta yi. Na hannun nan kimantawa ce kawai, ainihin ma'aunin ruwan wani injiniya ne a Amurka mai suna Proctor ya fitar da gwajinsa na ɗakin gwaji a 1933, har yau da shi ake aiki, kuma galibi injiniyoyi suna neman ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na iya matsewar da aka samu a ɗakin gwaji.

Ko wanne ka zaɓa, a fara kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ciyawa, kar a jefa shara ko guntun katako a ciki, ruɓewa za su yi su kira gara. A cika ramukan bulon fandisho da kankare a bar shi ya yi ƙarfi kafin inji ya shiga, in ba haka ba bangon zai iya turuwa waje. Leda mai kauri kuma a shimfiɗa kafin a zuba kankaren daɓe.

In filinka tudu ne busasshe kuma burjin ya ci gwajin murzawa, ɗauki jar ƙasa ka yi hayar inji mai tsalle. In ruwa yana kwanciya a wurin, yashi. In kuma cikon zai haura mita 1, ko ginin bene ne, kira injiniya ya gwada kowace shimfiɗa kafin a rufe ta. Sannan ka yi odar ƙasar da rara, don abin da tifa ta juye raguwa yake yi sosai in ya sha daɓe.