Wata uku ina koyon ɗaukar hoto a Ikeja: abin da na karɓa da abin da na ƙi

A unguwarmu a Agege, duk bikin da aka yi tambaya ɗaya ce ke dawowa: wa zai ɗauki hoton mata? Ranar kamu da ranar lalle, iyaye ba sa yarda namiji ya shiga ɗakin amarya da kyamara, kuma suna da gaskiya. Sai a ƙare da hotunan waya, rabi a duhu, rabi hannu ya girgiza. Bikin 'yar gwaggona ne ya ƙona mini rai. Lallen da aka yi awa huɗu ana zana mata, babu hoto ɗaya da ya nuna shi yadda yake. A daren nan na ce wa yayana, "Yaya, ni zan koyi abin nan."

Ni ɗaliba ce a Yabatech, kwalejin fasaha da ke Yaba, ba kuma a sashen zane nake ba, don haka Asabar da Lahadi kawai nake da su. Na yi rajista a wani ƙaramin sutudiyo a Ikeja da ke koyar da ɗaukar hoto da gyara shi a kwamfuta, wata uku, mu goma sha biyu a aji. Ni kaɗai ce Bahaushiya, kuma ban taɓa ganin wani ya yi wa hijabina kallon banza ba. Wannan ma abin faɗa ne.

Kyamarar Yaya ne ya raka ni Computer Village, kasuwar kwamfuta da wayoyi ta Ikeja, muka saya, Canon 600D ta hannu. Tsohuwa ce, tun 2011 aka fito da ita, megafiksel 18, amma allonta yana juyawa, kuma ga mai koyo ta wadatar. Malaminmu, wani Bayarabe da kowa ke kira Oga, ya duba ta ya ce kada in ƙara kashe ko kwabo a kan jikin kyamara, in tara in sayi gilashin 50mm mai f/1.8. Na bi maganarsa. A duk kuɗin da na kashe, babu wanda ya biya ni kamar wannan gilashin, domin yana shan haske a ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ne kawai ke ci. Aibinsa ɗaya: a kan irin kyamarata yana matso da abu kusa, a ɗakunan Agege kuwa, sau da yawa bayana na jingine da bango kafin mutum biyu su shiga hoto.

Watan farko da rabi na karatun, ba ni da abin cewa sai yabo. Oga ya hana mu barin kyamara ta zaɓar mana komai. Abu uku ya dinga nanata mana har suka zauna: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da take buɗe, da ISO, wato yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta samu. Ka buɗe ƙofa sosai, bayan mutum ya dushe fuskarsa ta fito. Ka bar ta buɗe ya daɗe, motar danfo mai wucewa ya zama zanen ruwan ɗorawa. Ka ɗaga ISO ya haura 1600 a tsohuwar kyamara irin tawa, hoto ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Darasin da ya fi shiga raina shi ne ranar da ya bayyana dalilin da ya sa fuskokinmu ke nutsewa a hoto. Ma'aunin hasken kyamara yana neman mayar da komai tsaka-tsaki, ruwan toka. Idan amarya baƙa ta sa farin leshi, farin ne ke rinjayar ma'aunin, sai kyamara ta rage haske, fuskar ta ɓace. Maganinsa shi ne a auna hasken a kan fuska, ko a ƙara shi da hannu. Ya kuma nuna mana yadda rumfar biki ja ko shuɗiya ke zuba launinta a kan fatar mutane. Shekaru ina ganin wannan a hotunan unguwa ban san daga ina yake ba.

Wata Asabar ya kawo mana hotunan J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu, baƙi da fari, da yawa daga ƙeya. Na daɗe ina kallonsu. Shuku da zanen yawo da nake gani a kan ƙannena kullum, ashe abin adanawa ne.

Da muka shiga ɓangaren gyara a kwamfuta ne muka fara saɓawa. Na farko, manhajojin da ake koyarwa da su, Lightroom da Photoshop, na biyan kuɗi ne duk wata, kuma ba a gaya mana haka ba lokacin rajista. Ɗalibar da ke lissafin kuɗin mota zuwa Yaba ba ta da wannan. Wasu a ajin suka kama raba wa juna na sata. Ni na ƙi, na koma Digital Photo Professional da Canon ke bayarwa kyauta, na haɗa da darktable da GIMP, su ma kyauta ne. Sun fi wuyar sabo, kuma ni kaɗai na koya wa kaina su da dare idan an kawo wuta, amma suna buɗe hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda a cikinsa ne ake iya ceto hasken da ya kusa lalacewa. Kwamfutocin sutudiyon kuma biyar ne kacal, sai mutum ya yi zaman jira.

Na biyun ya fi damuna. Wanda ke koyar da gyaran, ba Oga ba, wani matashi ne, ya kwashe sati biyu yana nuna mana yadda ake goge fata ta yi sumul kamar roba, a haskaka ta, a rage hanci, a matse ƙugu. Da na tambaye shi dalili ya ce abin da masu biya ke so ke nan. Ban musa ba, na san akwai masu so. Amma na gwada a hoton kakata, Hajiya, na goge mata tsagar da ke kumatunta da layukan goshinta, na kai mata. Ta riƙe wayar ta daɗe, sannan ta ce, "Wace ce wannan, 'yar nan?" Kunya ta kama ni har ƙasa. Tsagar nan ita ce shaidar gidan da ta fito. Tun daga ranar na ja wa kaina layi: ina cire ƙurjin da zai warke bayan kwana uku, ina gyara launin da rumfa ta ɓata, ina daidaita haske. Abin da Allah Ya halicci mutum da shi, ba na taɓawa, kuma ina faɗa wa mai biki haka tun kafin mu yi ciniki. Mutum biyu sun fasa saboda wannan.

Ga 'yar'uwar da ke tunanin shiga irin wannan aji a Legas: ki shiga, ko don darasin haske kaɗai ya ci kuɗinsa. Amma kafin ki biya, ki tambayi manhajar da za a yi amfani da ita da nawa take ci, ki ƙirga kwamfutoci da idonki, ki kuma nemi ganin hotunan baƙaƙen mata da malamin gyaran ya yi da hannunsa.

Zuwa yanzu na ɗauki suna biyu da walimar sauka ɗaya a Idi-Araba. Wata mai zuwa akwai kamu a layinmu, uwar amarya ta riga ta aiko mini. Filasha nake tara wa kuɗi, kafin nan kuma farin kwali nake ba ƙanwata ta riƙe, ta mayar mini da hasken taga kan hannun amarya.