Gargaɗi ga masu tsohuwar Marsandi SL: a yi hattara da masu tallan sabunta inji

Jama'a, duk wanda ke da tsohuwar Marsandi mai ƙofa biyu ajiye a gida, ta gado ce ko ta sha'awa, don Allah ya karanta wannan kafin ya miƙa makulli ga kowa. Akwai wasu da ke talla a Facebook da Instagram cewa su ƙwararru ne wajen sabunta ƙarƙashin bonet, su cire inji su wanke su mayar kamar ranar da motar ta fito daga kamfani. Wasunsu ba gyara ya kawo su ba. Kayan motar suke so.

Abin ya faɗa wa wani dattijo makwabcinmu mai 280 SL, irin wadda ake wa laƙabi da Pagoda saboda lotsawar rufinta. Sun nuna masa hotunan aiki masu ƙyalli a waya, suka faɗi kuɗin da bai kai na sauran masu gyara ba, suka karɓi kafin alƙalami, suka ja mota. Daga nan sai waya: yau kaya sun maƙale a hannun kwastam, gobe dala ta tashi, Alhaji a ƙaro wani abu. Da motar ta dawo, komai na ƙarƙashin bonet baƙi wuluk yana sheƙi, har wayoyi da robobi an bi su da fenti. Tana tashi, tana tafiya, amma ba injinta ba ne a ciki.

Ga dalilin da ya sa suke farautar irin wannan mota. Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera jerin Pagoda ne daga 1963 zuwa 1971, kuma duka-duka ba su kai 49,000 ba. Ita 280 SL tana da inji mai silinda 6 a jere, lita 2.8, kuma ba kafireta ke ba ta mai ba. Famfon Bosch ne na ƙarfe zalla, babu kwamfuta, yana auna wa kowace silinda nata fetur. Wannan famfo kaɗai kuɗi ne mai yawa a kasuwannin Turai da Amurka, kuma masu iya gyara shi ƙalilan ne. Sai macuci ya ce maka famfon ya mutu, gara a mayar da motar kafireta don ta huta da wahala, ka amince, shi kuma ya yi gaba da famfon. Wani ma injin gaba ɗaya yake ɗaukewa, ya saka na Marsandi mai ƙofa huɗu ta wancan zamani, domin a ido kusan kamarsu ɗaya.

A ido ne kawai. Lambar shasin 280 SL tana farawa da 113.044, lambar injinta kuma da 130.983, an buga ta a jikin bulok. Idan ka ga ta fara da wata lamba daban, ko wurin ya yi sumul kamar an goge shi da giranda, ko lambobin sun karkace ba su jeru ba, to an taɓa. Mercedes na ajiye da katin bayanan kowace mota tun daga kamfani, mai ɗauke da lambar inji da lambar fenti, kuma mai mota na iya neman kwafinsa idan ya nuna shaidar mallaka. Masu sayen irin waɗannan motoci abin da suke fara dubawa ke nan. Mota da injinta na asali da wadda aka yi wa dashe ba farashinsu ɗaya ba, ko kusa.

Shi kuma baƙin fentin nan ya fi ba ni haushi. Ƙarƙashin bonet ɗin Pagoda launin jikin motar yake ɗauka tun daga kamfani, ba baƙi ba. Wanda ya yi aikin gaskiya zai cire inji, ya kankare har ƙarfe ya fito, ya yanke inda tsatsa ta ci, musamman ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga da kusa da tukunyar man birki, ya yi walda, sannan ya yi fenti. Su waɗannan foti suke shafawa a kan tsatsa su rufe. Damina ɗaya ta isa fentin ya kumbura, kuma tsatsar na ci gaba da cin ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba. Haka ma tsofaffin robobin fetur da suka bushe: fenti ba ya hana su tsagewa, kuma a mota mai tura mai da ƙarfi kusa da salansa mai zafi, wannan maganar gobara ce. Rai ake magana, ba kuɗi kawai ba.

Kafin mota ta bar gida, a ɗauki hoton lambar inji, lambar shasi, da farantin da ke jikin famfon Bosch, a rubuta su cikin yarjejeniya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. A rubuta cewa duk abin da aka cire, ko ya mutu, a dawo da shi. A je garejin da ƙafa, a ga motocin da ke hannunsu, a nemi magana da wanda suka taɓa yi wa aiki. Hotunan talla kuma a saka su a binciken hoto na Google, domin sau da yawa na garejojin Jamus ne aka kwaso. Kuɗi a biya kashi-kashi bayan an ga aiki, ta banki, kuma cikin asusun da sunansa ya dace da wanda ke kan rajistar garejin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Wanda abin ya riga ya same shi kada ya bari a taɓa motar tukuna. Ya kira bakaniken da ya san tsofaffin Marsandi ya duba ya rubuta abin da ya ɓace, ya haɗa rasit da saƙonnin WhatsApp, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. A yi saurin kai ƙarar, domin famfo ko inji ba ya daɗewa a hannunsu kafin ya canza hannu.