Makullin saye na Google Play da Family Link: abin da yake tsarewa da abin da ya bari a buɗe

A gidaje da dama a Aboabo, Asawase da Sabon Zango, waya ɗaya ce ke yin komai. Da ita uwa take karɓar kuɗin ciniki ta MoMo, da ita ake kiran 'yan uwa, ita ce kuma ake miƙa wa yaro idan ya dawo daga makaranta don ya yi shiru. Wasannin da yaran ke so, irin su Free Fire, PUBG Mobile, Roblox da eFootball, saukarsu kyauta ce. A ciki kuɗin yake: lu'ulu'u a Free Fire, UC a PUBG, Robux a Roblox, tsabobi a eFootball. An yi hakan ne da gangan, don yaro ya daina ganin sidi ya riƙa ganin ado. Abin da ake dubawa a nan shi ne kariyar da Google ya tanada kyauta, da yadda take aiki a irin gidajenmu na Kumasi.

Na farko shi ne tantance saye, wato a nemi kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kuɗi ya fita. Ka buɗe Play Store, ka taɓa hotonka a sama ta dama, ka nemi sashen tantance saye; a wasu wayoyin yana ƙarƙashin biyan kuɗi, a wasu yana cikin saitin. Zaɓi uku ne: a tambaya a kowane saye, a tambaya bayan kowane minti 30, ko kada a tambaya sam. Na farkon kaɗai ke da amfani. Na minti 30 shi ne ramin da iyaye suka fi faɗawa, domin da zarar ka sa kalmar sirri ka saya wa yaro abu ɗaya ka mayar masa da waya, ƙofa a buɗe take rabin awa, kuma saye ɗaya bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Wannan saitin na kowace waya ne daban, ba ya bin asusu. Idan asusunka na kan waya biyu da kwamfutar hannu ɗaya, sau uku za ka yi aikin.

Akwai kuma batun yatsa, wanda ya kamata a ce Google ya fi haka ɗaga murya a kansa. Idan ka zaɓi a tantance saye da zanen yatsa, duk yatsan da aka yi wa rajista a wayar yana iya amincewa. Iyaye da yawa suna sa yatsan yaro don ya daina damunsu da "buɗe mini". To wannan yatsan shi ne sa hannu a kan katinka na banki. Ka shiga saitin tsaro na wayar ka ƙirga yatsun da ke ciki. Wanda ba naka ba ka goge shi. Haka nan wurin da ake saka kasafin wata a Play Store, kada ya ruɗe ka. Lissafi kawai yake nuna maka, ba ya hana saye idan an zarce.

Family Link, tsarin Google na kula da wayar yara wanda ya fito a 2017, ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi: sai yaron yana da asusun kansa a kan na'urarsa. Ana buɗe masa asusu na ƙasa da shekara 13 daga wayar uba ko uwa, a haɗa shi cikin rukunin iyali, wanda ke ɗaukar mutum 6 har da shugaban rukunin. Sai a zaɓi abin da zai nemi izini a kai. Shawarata a zaɓi "komai", har da wasannin kyauta, tunda ta nan ɓarnar ke shigowa. Idan yaro ya danna saye, saƙo zai zo wayarka da sunan wasan da farashi, ka amince ko ka ƙi ko da kana Kejetia shi yana gida. Yana kuma hana saukar manhaja daga wajen Play Store, yana ƙayyade awoyin wasa. A wannan fannin aikinsa na da kyau ƙwarai, ba a kuma biyan ko pesewa.

Inda yake tuntuɓe shi ne yadda muke sayen waya. Mutum ya sayi Tecno ko Infinix a Adum, yaron shago ya buɗe masa Gmail nan take da ranar haihuwar da ya ga dama, ya sa kalmar sirri da ba wanda ya rubuta. Daga baya wayar ta koma hannun ɗan shekara 9 da asusun babban mutum a kai. A idon Google wannan baligi ne, Family Link ba shi da ta cewa. Gyaran shi ne a kwashe hotuna da lambobi, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, a fara da asusun yaro tun daga shafin farko. Kafin a goge, a tabbatar an san kalmar sirrin tsohon asusun, in ba haka ba wayar na iya kullewa ta ce sai an shigar da shi.

Masu iPhone sun fi samun sauƙi a abu ɗaya: a cikin Screen Time akwai inda ake kashe saye cikin manhaja gaba ɗaya, da lambar sirri ta daban. Kada lambar ta zama ɗaya da ta buɗe waya.

Babban giɓin dai ba a Play Store yake ba. Duk kariyar nan ta tsaya ne a kan kuɗin da ya bi ta hannun Google. Yaranmu kuwa sun san wata hanyar. Akwai masu sayar da lu'ulu'u da UC a WhatsApp da TikTok: ka tura lambar ɗan wasa, ka tura kuɗi ta MoMo, a zuba maka. Ba kati, ba kalmar sirrin Google, ba saƙon neman izini. Abin da ya rage tsakanin yaro da jarin mahaifiyarsa lambar sirri ta MoMo ce mai lambobi 4, wadda ya sha ganin ana dannawa, ko ma an aike shi da ita wurin mai MoMo na bakin titi. Yana gamawa ya goge saƙon shaida. Don haka a canza lambar ta *170#, kada ta zama shekarar haihuwa, a riƙa duba taƙaitaccen bayanin hada-hada a cikin asusun maimakon dogaro da saƙonni. Ta wannan hanyar ce kuma 'yan damfara ke kama yara da alkawarin lu'ulu'u kyauta, su turo buƙatar cire kuɗi su ce a amince. Kuɗin da ya fita da lambar sirri daidai, dawo da shi da wuya.

Idan ta Google kuɗin ya fita, akwai dama amma lokaci gajere ne. Cikin awa 48 ana iya neman maido da kuɗi daga tarihin saye, a zaɓi cewa wani na gida ne ya saya ba da izini ba. Bayan nan yawanci sai dai a rubuta wa kamfanin wasan, da lambar oda mai farawa da GPA da ke cikin saƙon imel. Kada a garzaya banki a ce sata ce alhali ɗanka ne ya danna. Hakan na iya jawo a taƙaita asusun biyan kuɗinka, wasu kamfanonin ma rufe asusun wasan suke yi ɗungurum. Kuma ba kowace buƙata ake amsawa ba, musamman idan an maimaita.

Waɗannan makullai ba don kirki kawai aka ƙera su ba. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla miliyan 19, kan sayen da yara suka yi ba da izini ba. A 2022 Epic Games, masu Fortnite, sun amince da biyan dala miliyan 245 don mayar wa masu saye. Kamfanonin na da nasu laifin, ba shakka. Amma tun da suka ajiye makullin, amsarsu ga uban da bai murɗa shi ba ita ce asusunka ne, katinka ne. Ni ma a ganina nauyin farko na mai asusun ne, domin ɗan shekara 8 bai san bambancin tsabar wasa da kuɗin cefane ba.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: rajistar mako ko ta wata. Wasu wasannin suna ba da gwajin kyauta na 'yan kwanaki, wa'adi na cika su fara cirewa da kansu. Goge wasan daga waya ba ya tsayar da cirewar. Sai an koma Play Store, sashen biyan kuɗi da rajista, an soke kowacce ɗaya bayan ɗaya, a ga ranar ƙarewarta ta bayyana. Idan kuma ba ka sayen komai a kai a kai, ka cire katin daga asusun gaba ɗaya, ka mayar da shi ranar da kake buƙata.