Dikoda mai naɗar shirye-shirye: amfaninta da wutar da take ci

Dikodar da muke amfani da ita a gida irin wadda ke da faifan ajiya ce a cikinta, wato tana iya naɗar shiri domin a kalla daga baya, kuma tana iya tsayar da shirin da ake watsawa kai tsaye har mutum ya gama uzurinsa ya dawo. A wannan aikin ta gamsar da ni ƙwarai. Idan aka kira sallar magariba ana tsakiyar wasan ƙwallo, sai in danna maɓallin tsayarwa in tafi masallaci da natsuwa, in dawo in ci gaba daga inda na tsaya. Mai ɗakina kuma takan saita ta ta naɗi wasan kwaikwayon da take bi alhali yara suna kallon wata tashar, abin da ya kawo ƙarshen rigimar rimot da aka saba yi bayan isha'i.

Tana da aibobi da ya kamata mai saye ya sani. Idan aka ɗauke wuta ana cikin naɗi, shirin yakan yanke, domin kafin janareta ya tashi na'urar ta gama shirya kanta an riga an wuce wuri mai muhimmanci. Da damina, hadari mai nauyi yakan katse siginar tauraron ɗan'adam, sai a tarar an naɗi baƙin allo. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta barci. Ko an kashe ta da rimot, fitilar gaba ce kawai ke canza launi, amma idan ka ɗora hannu a kanta da asuba za ka ji ta da ɗumi, kuma idan falo ya yi tsit kana jin ƙarar faifan yana juyawa.

A kan wannan ne muka yi doguwar muhawara da yayana, wanda ra'ayinsa shi ne duk abin da ba a amfani da shi a zare shi daga soket. Yana da hujja. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, duk mai mitar kati ya koyi lissafi ko bai so ba. Na'urar tamu tana jan kimanin wat 20, ana kallo ko ba a kallo. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, saboda haka idan ta wuni ta kwana a kunne shekara guda, za ta ci yunit 175, wato kusan naira 39,000 a wancan farashin. Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A shekarar 2011 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, NRDC, ta nuna cewa irin wannan na'ura haɗe da dikoda ta biyu suna cin wuta a shekara fiye da sabon firiji, kuma Tarayyar Turai ta daɗe da taƙaita wutar da yawancin kayan lantarki za su ci idan an kashe su, ta mayar da ita rabin wat tun 2013.

Sai dai na ce masa, «Yaya, ku duba motar da kuka zo da ita.» Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9 na wuta. Motar gida da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ƙone lita 20 da wani abu daga Kano zuwa Kaduna, kuma wannan tafiyar guda, ba tare da dawowa ba, ta cinye abin da dikodar ke ci a shekara. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya rage zirga-zirgar cikin gari da ba ta zama dole ba, ya daidaita iskar tayoyinsa, ya daina barin inji a kunne yana jiran mutum a ƙofar gida, ya fi mai zare soket samun rarar kuɗi nesa ba kusa ba. Ko a cikin gidan ma, dutsen guga na wat 1,000 yana cin wutar awa 50 ta dikodar a cikin awa guda, balle hitar ruwan wanka da sanyi.

Yaya bai yarda an kayar da shi ba, kuma martaninsa yana da nauyi. Ya ce wutar da ke zuwa gida ba daga sama take faɗowa ba, mafi yawanta iskar gas aka ƙona a tashoshi irin su Egbin, kuma an yi asarar kaso mai yawa a zafi da kan layi kafin ta iso, don haka kwatanta yunit da lita kai tsaye ya yi wa dikodar sassauci. Ya ƙara da cewa da dare gidana a kan batirin sola yake, inda wat 20 na tsawon awa goma ke cinye abin da zai iya juya ƙaramar fanka a ɗakin yara na awanni a zafin watan Afrilu. Wannan batun na fanka shi ne ya fi shiga raina, domin a kan batiri ba kuɗi ake ƙirgawa ba, abin da zai kai mutum asuba ake ƙirgawa.

Yanzu na haɗa dikodar da talabijin a soket mai makunni, muna kashewa idan za a kwanta, sai daren da aka saita naɗin wani shiri. Ina ba da shawarar sayenta ga gidan da ke da mutane da yawa da talabijin ɗaya, amma mai saye ya tambayi yawan wutar da take ci idan an kashe ta, ya kuma duba ko tana da tsarin barci mai nauyi a cikin saitinta kafin ya biya kuɗi.