Sharhi kan pytest bayan wata huɗu ina aiki da shi

Ina da wata ƙaramar manhaja da na rubuta da Django (tsarin gina manhajojin yanar gizo da yaren Python), tana riƙe lissafin kaya da bashin abokan ciniki na wani kantin kayan masarufi. Tun farko da `python manage.py test` nake gudanar da gwaje-gwajena, lafiya ƙalau. Abin da ya ja ni zuwa pytest, wani kayan aikin gwada manhajojin Python, shi ne sauƙin rubutu: `assert` kawai za ka sa, in gwajin ya faɗi ya nuna maka abin da aka samu gefe da abin da ake tsammani. Holger Krekel ne ya fara shi, daga cikin aikin PyPy (wani injin gudanar da Python) ya tsiro, kuma kyauta ne. A wannan fanni ya cika alƙawari, ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Amma ranar farko ta ba ni wuya. Na girka shi, na buga `pytest`, sai ga "collected 0 items", a ƙasa kuma "no tests ran". Gwaje-gwaje 38 ne a aikin, ina kallon su da idona. Na cire shi na sake girkawa, na duba ko muhallin Python ɗin da nake ciki ne ba daidai ba, har aka kira isha'i ban gano bakin zaren ba.

Ashe matsalar suna ce. Idan ka ƙirƙiri sabon sashe da `startapp`, Django da kansa yake ajiye maka fayil mai suna `tests.py`, kuma mai gwajinsa yana ɗaukar duk fayil ɗin da ya dace da `test*.py`. Shi kuwa pytest, in ba ka faɗa masa wani abu ba, `test_*.py` ko `*_test.py` kaɗai yake nema. `tests.py` bai shiga ko ɗaya ba, don haka ya wuce shi kamar babu. Na gane ne da na miƙa masa sunan fayil ɗin kai tsaye, sai ya buɗe shi nan take. Duk wanda ya shiga wannan hali, da wannan ya kamata ya fara: in ya karanta fayil ɗin da ka nuna masa da hannu amma ya kasa samo shi da kansa, to ka koma kan suna. Gyaran layi biyu ne a `pytest.ini`, bayan na girka pytest-django, ƙarin da ke haɗa pytest da Django: `DJANGO_SETTINGS_MODULE` da zai nuna saitin aikin, sai `python_files = tests.py test_*.py`.

Wanda ya fi tayar mini da hankali daga baya ya zo. Ni mutum ne mai son sa wa ayyukan cikin manhaja sunan Hausa, don wanda zai gaje ni ya karanta ba tare da wahala ba. Na rubuta gwaje-gwaje uku kan lissafin ragi, na sa musu suna irin `gwada_ragi`. Mako biyu ina ganin kore a allo, hankalina kwance, ashe ko sau ɗaya ba a taɓa su ba, domin pytest aikin da sunansa ya fara da `test` kawai yake ɗauka. A cikin wannan lissafin kuwa akwai kuskure na gaske, wanda da ya kai kanti da kuɗin mutane zai taɓa. Idan bai samu gwaji ko ɗaya ba yana fita da lamba 5, wannan za ka lura. In kuwa ya samu wasu ya bar wasu, shiru za ka ji. Ajin (class) da sunansa ya fara da `Test` da ke ɗauke da `__init__` ma tsallake shi yake yi, sai dai shi yana samun gargaɗi a ƙasan allo, wurin da ido bai cika kaiwa ba. Nan ne nake ganin yana da rauni: da saƙon "no tests ran" yana faɗin irin sunayen da ya nema, da sabon shiga ya huta.

Tun daga nan ba na ƙara gwaji sai na buga `pytest --collect-only -q` na ga sunansa a jeri.

Akwai kuma rikicin `ModuleNotFoundError` lokacin tattara gwaji. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba: `python -m pytest` yana saka babban fayil ɗin da kake ciki a hanyar bincike, kuma tun sigar 7.0 ta 2022 akwai saitin `pythonpath` da ke yin wannan aikin.

Zan ba duk mai rubuta Python shawarar ya ɗauki pytest, ni dai ban koma baya ba. Sunayena na Hausa ma ban rabu da su ba, na sa `python_functions = test_* gwada_*` suka fara gudana. Sai dai wannan saitin ba ya aiki a cikin ajin da ya gaji `TestCase` na Django ko na unittest. A can dole sunan ya fara da `test`, shi ya sa nake rubuta `test_gwada_ragi`.