Shebron ko ƙayar kifi: wanne za a shimfiɗa a falo?

'Yar uwa, kin ce mai sa tayil ya nuna miki hotuna biyu, duka zane mai kwana-kwana, ya ce wannan shebron ne wancan herinbon, ke kuma ba ki ga bambancinsu ba sai a kuɗin aiki. Bambancin yana nan, a daidai inda tayil biyu suke haɗa baki.

A shebron ana yanke bakin kowane tayil a karkace, galibi digiri 45, sai na hagu da na dama su haɗu su ba da tsini kamar kan kibiya. Tsinayen nan suna jeruwa a layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga ƙofa har bango. Herinbon kuwa, wanda na fi son in kira ƙayar kifi tunda daga nan sunan ya fito, dogayen tayil ne masu kusurwa huɗu, ba a taɓa bakinsu ba. Kan wannan ya tokari gefen wancan, sai kwanar ta fito a tsittsinke kamar saƙar tabarma. Tsohon salo ne, tun zamanin Romawa ake jera tubali haka a ƙasa.

A ido, shebron ya fi tsafta da ɗaukar hankali, kuma yana jan kallo zuwa inda tsinin ya nufa, shi ya sa yake ƙara wa siririn falo ko baranda tsawo. Amma fa ba ya rufa wa kowa asiri. Ɗakunanmu da yawa ba su tafi daidai ba, sai ki auna ki ga wani gefen ya fi wani da ɗan yatsa biyu. Na gani a gidan wata ƙanwata: mai aikin ya fara daga jikin bango maimakon ya ja igiya a tsakiyar ɗaki. Kafin ya kai ƙarshe layin tsinin ya kauce, kana shiga falon shi za ka fara gani, ba kujerun da ta kashe wa kuɗi ba. Yanzu kafet aka rufa a kai.

Ƙayar kifi tana haɗiye irin wannan kuskure, don ba ta da dogon layin da ido zai bi. Kuma tayil mai kamar katako, irin mai santimita 15 da 60 ɗin nan, ya ishe ki. Idan ɗaya ya fashe, kowane ɗan'uwansa zai maye gurbinsa. Na shebron da ake sayarwa a yanke yana zuwa ne hagu da dama, sai kin ajiye kowanne. In kuwa mai aikin ne zai yanka da inji a tsakar gida, to a shirya wa asara da ɓantalewar bakin tayil. Ko wanne kika zaɓa, ki sayi ƙarin kwali, don yankan gefe-gefe yana cin tayil fiye da shimfiɗar da aka saba.

Don haka a ƙasa ni ƙayar kifi zan ce. Shebron ki kai shi inda za ki iya cirewa in kin gaji da shi: labule, rigar filon kujera, ko ɗan kafet na tsakiya. Abu ɗaya kawai a ɗaki. Idan ƙasa ta yi kwana-kwana, labule ma haka, bango ma haka, baƙo zai fita da jiri.

Sai batun simintin cike tsakani. Kada ki yarda da fari fat. Wannan shimfiɗa layukanta suna da yawa, hunturu ɗaya ƙura za ta mayar da su ruwan ƙasa. A zaɓi launi mai kusa da na tayil ɗin. Kafin a kwaɓa siminti kuma, ki sa ya jera miki kamar guda 20 a busasshiyar ƙasa, ki tsaya daga bakin ƙofa ki duba.