Ranja mai maɗauri biyu: har yanzu ita ce takalmin sojan laima

Ranjar da muke magana a kanta ita ce baƙar nan ta fata, samfurin sojan Faransa na 1965, mai igiya a ƙasa da maɗauri biyu irin na bel a sama. Ana cin karo da ita a gwanjon babbar kasuwar Maraɗi, wata ta sha tafiya, wata kuma tana nan garau. Ga sojan laima ta cancanci kuɗinta, amma sai an san yadda za a zaɓa.

Mai dirowa da laima mai zagaye yana isa ƙasa da gudun mita 5 zuwa 7 a daƙiƙa guda, ga nauyin kaya a jiki. Abin da ake koya masa shi ne ya haɗe ƙafafu da gwiwoyi, ya taɓa ƙasa da gaban tafin ƙafa, ya bi da gefen sharaɓa, cinya, ƙugu, ya mirgine da gefen baya. Idan ƙafa ɗaya ta riga 'yar'uwarta, ko ta faɗa kan kunyar gero, idon sawu ne ke ɗaukar dukan. Targaɗe da karaya a nan suka fi yawa. Wuyan ranja yana da tsawo da tauri, maɗauran nan biyu kuma suna riƙe ƙafa tamau. Wani abin yabon shi ne huji gare ta, ba ƙugiyoyi ba, domin ƙugiya tana iya kama igiyar laima a lokacin fita daga jirgi.

Ƙasanta ɗinki ne, ba gam kaɗai ba. Wannan babban abu ne a ƙasarmu. Yashin Afrilu da Mayu yana sassauta gam, sai ka ga takalmin zamani ya buɗe baki kamar kifi. Ita kuwa ranja, idan ƙasan ya cinye, mai gyaran takalmi zai warware, ya sa sabon roba, ya ɗinke da zare mai kakin zuma. A dai ja masa kunne: kada ya buga ƙusa, kada ya sa tayar mota mai waya a ciki, kuma ya bi tsofaffin hujin ɗinki, don sabon huji yana yaga bakin fata.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne. Tana da nauyi, tana da zafi, sabuwa kuma ba ta da tausayi. Bororo a diddige kusan dole ne a makon farko. Kada kowa ya diro da ranjar da bai yi sati biyu yana yawo da ita ba. Ƙarangiya ma tana son igiyarta.

Wajen saye, a je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri. A tura ƙafa gaba kafin a ɗaure: yatsa ɗaya ya shiga bayan diddige, kada ya wuce haka. A lanƙwasa takalmin a duba fata inda yatsu ke karyawa; in ta tsattsage, hunturu ya riga ya cinye ta. A matsa bayan dunduniya da babban yatsa, in ya lotsa a ajiye ta, komai arha. Maɗauran kuma a ja su da ƙarfi, can ne ɗinki ke fara mutuwa.

Kulawa ba wuya. A goge ƙura da buroshi, a shafa man kaɗanya kaɗan-kaɗan, a bari ya kwana, sannan a bi da Kiwi. Mai ya yi yawa, fata ta yi laushi, wuyan ya daina riƙe ƙafa, an kashe amfanin takalmin ke nan. In ta jiƙe da damina a cusa mata takarda a ciki, a shanya a inuwa. Rana da bakin murhu suna ƙandarar da fata.